Koya wa Likitocin Yara Kula da Lafiyar Hankalin 'Ya'yanmu



Abin da aka ɗora mini in yi bayani a kansa shi ne dalilin da ya sa ake bukatar likitocin yara su sami horo game da lafiyar hankalin yara. Ni ba likita ba ne. Aikina shi ne in ɗauko maganar masana in juya ta zuwa harshen da jama'a ke ji, saboda haka zan fara da kalmar kanta, domin a nan ne ake fara yin tuntuɓe. In aka ce wa mutumin ƙasar nan "taɓin hankali", abin da zai faɗo masa a rai shi ne wanda ya yar da tufafinsa, yana bin juji yana tsince-tsince, yara na biye da shi. Don haka in uba ya fusata da aka haɗa wannan kalma da sunan ɗansa, ba za a ga laifinsa ba. Amma abin da likitoci ke nufi da lafiyar hankali ya fi haka faɗi nesa ba kusa ba. Ya haɗa da yaro ya zauna, ya yi tafiya, ya yi magana a lokacin da tsararsa ke yi. Ya haɗa da ɗaukar karatu, da barci, da iya zama da 'yan'uwa, da yadda zuciyarsa ke komawa daidai bayan tsoro ko rashi. Yaron da ɗaya daga cikin waɗannan ya gagare shi yana bukatar a duba shi ne kawai, kamar dai wanda ke tari.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin rabin cututtukan hankali da ake gani ga manya sun riga sun soma tun mai su bai wuce shekara 14 ba, kuma a cikin kowane yara 7 masu shekara 10 zuwa 19 akwai 1 da ke fama da irin wannan larura. To, ku auna wannan da ƙasarmu, inda fiye da kashi 40 cikin 100 na jama'a ba su kai shekara 15 ba. Sa'an nan ku auna shi da yawan masu maganin. Ƙwararrun likitocin hankali da ke aiki a Nijeriya, bisa ga adadin da ƙungiyarsu ta sha bayarwa a 'yan shekarun nan, ba su kai 300 ba, ga mutum fiye da miliyan 200. Waɗanda suka keɓanta ga yara a cikinsu kuwa 'yan ƙalilan ne ƙwarai, kuma galibinsu suna manyan asibitocin koyarwa ne da asibitocin hankali na Gwamnatin Tarayya, irin su na Yaba a Ikko, da na Aro a Abekuta, da na Inugu, da Kalaba, da Binin, da Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri. Matar da ke wani ƙauye a bayan Gashuwa ko Yawuri, wadda ɗanta ya kai shekara 3 bai ce "inna" ba, yaushe za ta kai gare su? Ko da an ninka adadinsu sau 10 gobe da safe, ba za su zaga ba.

Amma akwai wanda uwar nan kan je gare shi ba tare da an tura ta ba, ba kuma tare da jin kunya ba, watau likitan yara, ko malamin asibitin da ya koyi aiki a hannunsa. Shi ne ya ga yaron ran da aka kawo shi da zazzaɓi, a sashensa aka rubuta nauyinsa a katin awo, shi ne ya sa aka yi masa ƙarin jini. Ba wanda zai yi tsegumi a unguwa don an ga mace ta shiga sashen yara da goyo. Wannan ƙofa a buɗe take tun tuni. Abin da ya rage shi ne wanda ke zaune a bayanta ya san abin da zai nema.

Na ce ya san abin da zai nema, domin yaro ba ya zuwa ya ce yana cikin damuwa. Ba shi da kalmar, kuma a tarbiyyarmu ba a saba yaro ya zauna gaban babba yana bayyana abin da ke ransa ba. Jikinsa ne ke yin magana a madadinsa. A ɗauka ga yarinya 'yar shekara 9 da ake ta kawowa da ciwon ciki. An ba ta maganin tsutsa, an gwada jini don taifot, an gwada don zazzaɓin cizon sauro, an ɗauki hoton ciki, ba a ga kome ba, uban kuwa ya kashe kuɗin da da sun isa sayen takin gonarsa. Likitan da ya sami horo zai yi wata tambaya wadda ba ta cin ko kwabo: wace rana ce cikin ke ciwo? In aka ce da safe ne daga Litinin zuwa Juma'a, ba ya yi Asabar da Lahadi, ba ya yi lokacin hutu, to, an san inda za a dosa. Sai a bincika ko ana dukanta a makaranta, ko allo ne ba ta gani, ko akwai wanda ke tare ta a hanya. Kada kuwa a ce ƙarya take yi. Ciwon na gaskiya ne, tana jin sa, sai dai tushensa ba a hanji yake ba.

Haka batun fitsarin kwance yake. Kafin shekara 5 likitoci ba su lissafa shi cikin cuta. Amma yaron da ya daina tuntuni, sa'an nan ya dawo da shi bayan an saki uwarsa, ko bayan mutuwa ta shiga gidan, wani abu yake gaya mana. Al'adar nan ta tara yara su zaga da shi suna yi masa waƙar tsokana ba ta busar da tabarma, sai dai ta ƙara masa tsoron dare. Akwai kuma wata irin farfaɗiya wadda ba ta kayar da yaro ƙasa. Sai ya ƙura ido na 'yan daƙiƙoƙi, ya dawo bai san an yi ba, sau da yawa a yini guda. Malami ya ce sakarci ne, ya ɗauko bulala, alhali kuwa ciwo ne mai magani.

A nan zan ɗan tsaya, domin akwai abin da ya bambanta halinmu da na ƙasashen da suka ci gaba, kuma shi ne ya fi ɗora wannan aiki a wuyan likitan yara. Da yawa daga cikin abubuwan da ke raunana ƙwaƙwalwar yaro a ƙasar nan, a sashen yara ake kwantar da masu su. Jaririn da aka haifa bayan doguwar naƙuda, bai yi kuka da wuri ba, yana iya fita da rauni a ƙwaƙwalwa. Jaririn da shawara ta kama a makon farko, idonsa ya yi rawaya, in ba a sa shi ƙarƙashin fitilar asibiti a kan kari ba, yana iya tashi kurma ko gaɓoɓinsa su sandare. Likitocin ƙasar nan sun daɗe suna gargaɗi cewa kafur ɗin nan da mata kan zuba cikin akwatin kayan jariri yana tayar da shawara mai tsanani ga wasu jariran da jininsu ba ya jure shi. Sanƙarau, wanda kan zo mana lokacin bazara, yakan tafi ya bar kurumta, ƙyanda ma takan yi haka, sai yaro ya koma makaranta a riƙa ce masa mai taurin kai alhali ba ya ji ne. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau ka har yaro ya yi jijjiga ya suma, wasu daga cikin waɗanda suka tashi sukan zauna da mantuwa ko rawar kan da ba su da ita a da. Tamowa tana tauye ƙwaƙwalwa kamar yadda take tauye jiki, haka ma ƙarancin sinadarin aidin, abin da ya sa tun 1993 aka wajabta sa shi cikin gishirin da ake sayarwa. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Jihar Zamfara, ta bar wasu da yawa da rauni a ƙwaƙwalwa.

Duk waɗannan yara ta hannun likitan yara suke bi. Yakan yi ta fama da dare da rana har ya ceci ransu, a sallame su, a ce sun warke, dangi su zo barka. Amma a ganina kalmar warkewa ta yi sauri a nan. Kamata ya yi a gaya wa uwa ran sallama ta dawo da shi a gwada jinsa, a dubi tafiyarsa da maganarsa, a sake dubawa in ya shiga makaranta. Haka kuma yaran da ciwo ya zame musu abokin zama, kamar masu amosanin jini, waɗanda ake ƙiyasta ana haihuwar kimanin 150,000 a ƙasar nan kowace shekara. Yaron da ya tashi yana jin ana raɗa cewa ba zai daɗe ba, yana kwana asibiti ran da 'yan ajinsu ke jarrabawa, ƙashinsa kaɗai muke yi wa magani, zuciyarsa fa?

Ga kuma abin da zamani ya ƙaro mana. Yaran da aka sace daga makarantu a Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, da Kuriga a 2024, da dubban da suka tashi a sansanin gudun hijira, ko suka ga an kashe nasu a gaban idonsu, ba a rasa waɗanda har yanzu ƙarar babur ke firgita su. Ga shaye-shaye: rahoton 2018 na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun taɓa ƙwaya a cikin shekara guda, kuma a wannan shekara ce Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Wanda ya saba da kwalba yana da shekara 20 sau da yawa ya ɗanɗana ta tun yana cikin shekarun da likitan yara ke ganinsa.

Kada wani ya zaci wannan shawara daga waje aka ɗauko mana ita. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin da ya sa sunan Aro ya zaga duniya: maimakon a kulle majinyaci bayan katanga, sai a sauke shi a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin tare da wani ɗan'uwansa, yana zuwa karɓar magani yana komawa cikin mutane. Daga baya ya zama Mataimakin Babban Darektan Hukumar Lafiya ta Duniya. Bayan taron Alma-Ata na 1978, wanda ya ce a kai kiwon lafiya kusa da talaka, Ministan Lafiyar da ya fi kowa dagewa a kan haka a ƙasar nan shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar daga 1985 zuwa 1992, kuma shi kansa likitan yara ne. A zamaninsa, a 1991, aka sa lafiyar hankali ta zama rukuni na 9 na kiwon lafiya matakin farko. Gaskiya dai, maganar ta daɗe a takarda fiye da yadda ta daɗe a ɗakin shan magani, kuma babban dalili shi ne an ba ma'aikata aiki ba a koya musu yadda ake yin sa ba.

Ba laifinsu ba ne. Ɗalibin likita yakan yi shekara 6 a jami'a, amma abin da yake yi a sashen hankali 'yan makonni ne, kuma mafi yawan waɗanda yake gani a can manya ne. In ya zaɓi ƙwarewa a kan yara, zai ƙara wasu shekaru a ƙarƙashin Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ko takwararta ta Afirka ta Yamma, kuma ƙarfin karatun yana kan cututtukan da ke kisa nan take. Haka ya kamata, domin sai da rai ake zancen hankali. Abin da ake nema shi ne a ƙara, ba a rage ba.

Kayan koyarwar kuwa akwai su. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin da ake kira mhGAP, ta fitar da littafin jagora a 2010, ta sabunta shi a 2016, musamman domin likitoci da malaman asibitin da ba ƙwararrun hankali ba, kuma a ciki akwai babi sukutum a kan yara da matasa. A Jami'ar Badun akwai cibiyar nazarin lafiyar hankalin yara da matasa, wadda Farfesa Olayinka Omigbodun ta jagoranci kafa ta da gudummawar Gidauniyar MacArthur. Tun 2013 take ba da digiri na biyu, kuma ɗalibanta sun haɗa da likitocin yara da ma'aikatan jinya da na jin daɗin jama'a, daga Nijeriya da wasu ƙasashen Afirka.

Me ake koya wa likitan? Abu na farko shi ne tambaya da saurare, har da yadda zai nemi izinin iyaye ya gana da matashi shi kaɗai, domin akwai maganar da yarinya 'yar shekara 14 ba za ta taɓa faɗa a gaban ubanta ba. Ana koya masa ya tambayi matashin da ya yi zurfi cikin baƙin ciki ko ya taɓa tunanin halaka kansa, kuma masana sun tabbatar cewa tambayar ba ta shuka tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. Ana koya masa ma'aunin girma: yaron da bai zauna ba a wata 9, ko bai taka ba a wata 18, ko bai haɗa kalma biyu ba a shekara 2, a duba shi, kada a ce gadon gidansu ne. Ana koya masa alamun larurar da likitoci ke kira otizim, inda yaro ba ya haɗa ido, ba ya waiwayowa in an kira sunansa ko da yake yana ji, ba ya nuna abu da yatsa. Mu masu fassara mukan ce galahanga, amma ni dai kalmar ba ta kwanta mini ba, don da yawa daga cikin yaran nan suna da basira mai kaifi. Ana koya masa ya dubi uwar ma, domin mai jegon da damuwa ta danne ba ta iya wasa da jaririnta, kuma hakan yakan nuna a ma'aunin nauyi.

Wasu iyaye na tsoron cewa ƙarshen maganar shi ne a ɗora 'ya'yansu kan ƙwayar da za ta mai da su kamar gunki. Littafin jagorar nan akasin haka ya koyar. Ya hana a ba yaron da bai kai shekara 12 ba maganin ciwon damuwa, ya hana a ba wanda bai kai shekara 6 ba maganin rawar kai, ya kuma ce a fara da zama da iyaye da malaman makaranta: yadda za a yaba wa yaro in ya yi daidai, yadda za a tsawata ba da duka ba, a zaunar da shi gaban aji, a raba masa aiki kaɗan-kaɗan. Sa'an nan likita ya san iyakarsa, ya san ran da zai rubuta takarda ya tura ga ƙwararre.

Ba zan ɓoye muku wahalar abin ba. Likitan da layi ya kai har bakin ƙofa, ga jariri yana jijjiga a hannun uwarsa, ina zai sami rabin awa na hira? Ga shi kuma likitocinmu suna ta ficewa ƙasashen waje. Bugu da ƙari, taron bita na kwana 3 ko 5, a raba takardar shaida a ɗauki hoto, ba ya mai da mutum gwani. In bai sami wanda zai tuntuɓa ba ran da ya haɗu da abin da ya shige masa duhu, bayan 'yan watanni zai koma gidan jiya. Amurkawa ma, duk da arzikinsu, sun gamu da wannan ƙaranci, har a 2021 ƙungiyoyin likitocin yaransu suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan lafiyar hankalin yara. Dabarar da Jihar Masacusets ta fara a 2004 mai sauƙi ce: likitan yara ya buga waya, ƙwararre ya ba shi shawara a ranar, yaro yana nan a hannun likitan da ya saba da shi. A ƙasar da kusan kowane malamin asibiti ke da waya a aljihu, ban ga abin da zai hana mu yin irinta ba. Likitan yaran da aka horar kuma shi ne zai koyar da ɗalibai da ma'aikatan jinya da malaman ƙananan asibitoci, waɗanda su ne ainihin masu ganin yaran karkara.

Doka ma ta sauya. Tun daga dokar mahaukata ta 1916, wadda aka yi wa kwaskwarima a 1958, hukuma tana kallon mai wannan larura a matsayin wanda za a tsare. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Hankali ta Ƙasa, wadda ta ɗauke shi a matsayin majinyaci mai haƙƙi. Wanda ya tuna yadda 'yan sanda suka fito da mutum wajen 300, da yara a cikinsu, wasu da mari a ƙafa, daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, zai gane amfaninta. Iyayen da suka kai 'ya'yansu irin waɗannan gidaje, da yawansu ba mugunta ce ta kai su ba. Yaro ne ya gagare su, suka duba gabas da yamma ba su ga wata ƙofa ba.

Saboda haka, iyaye, ga roƙona gare ku. In kun kai yaro asibiti don zazzaɓi, kuma akwai wani abu na halinsa da ke damunku, ku faɗa, ko ba a tambaye ku ba. Ba a hana kowa addu'a ba, amma kada ku ɓoye wa likita abin da aka riga aka ba yaron ya sha ko ya shaƙa. Wadda ta fi zama da shi ita ce ta zo, uwa ce ko kaka ko yaya, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, uba kuwa ya ba da izini, in da hali ya rako. Ku taho da katin awo da na rigakafi da takardar sakamakon makaranta. In yaron yana jijjiga ko ƙura ido, ku ɗauki hotonsa mai motsi da waya ku nuna wa likita, don ba lalle ne abin ya tashi a gabansa ba. In kuma an ba ku ranar dawowa, ku dawo ko da kun ga kamar ya sami sauƙi.

Shugaban taro, iyakar abin da ke gare ni ke nan. Likitocin da ke tare da mu za su amsa tambayoyinku.